Jajibirin Sallah a kicin

Yau ake sa ran ganin watan Shawwal, don haka tun bayan sallar Azahar na shiga kicin domin haɗa kayan maƙulashen da za a tarbi baƙi da su. Bana akwai sharaɗi guda, domin ɗan ƙanwata da za a kawo mana yawon Sallah likita ya hana shi duk abin da aka haɗa da madarar shanu. Matsalarsa ta bambanta da ta masu kumburin ciki idan sun sha madara, waɗanda sau da yawa suke shan kindirmo lafiya ƙalau. Shi furotin ɗin madarar ne jikinsa ba ya karɓa, ko kaɗan ya ci sai fatarsa ta feso da ƙuraje.

Na fara da gireba, wadda dama ba ta buƙatar madara: fulawa, niƙaƙƙen sukari, man gyaɗa, sai ɗan riɗi a sama. A ganina ta fi yawancin biskit ɗin kanti daɗi.

Biskit ɗin ne ya buƙaci lissafi. Na ajiye botar gwangwani gefe, domin da na karanta jikinta na ga akwai madara a ciki, na ɗauko man kwakwa. Bota kusan kashi 80 cikin 100 nata mai ne, sauran galibi ruwa, shi kuwa man kwakwa mai ne zalla, saboda haka inda ake sa kofi guda na bota sai na sa kashi uku cikin huɗu na kofi, na cike gurbin da ruwan ayar da na tace ba tare da sukari ba. Man kwakwa yana narkewa da zarar zafi ya kai wajen digiri 24, wanda a Kano kusan kullum ne, shi ya sa na bar kwaɓin a firij na rabin awa, don kada ya baje a faranti. Na zuba kirfa da yankakken dabino, na gasa a digiri 180 na kimanin minti 12.

Da yake ina azumi, sai bayan shan ruwa na ɗanɗana. Bai yi ja sosai kamar na bota ba, amma ya yi garas-garas, ƙamshin aya kuma ya fito. Na zuba rabon yaron a wata roba daban na rubuta sunansa a murfin, domin cincin ɗin da maƙwabta za su aiko gobe da wuya a rasa madara a cikinsa.