Ƙaramar kwamfutar teburi da koyon zanen kati: inda na kai

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon zane a kwamfuta. Daga ƙarshen damina zuwa yanzu hannuna ya ɗan faɗa a manhajar zane ta CorelDraw. Ina iya haɗa katin ɗaurin aure daga farar takarda, ba sai na ɗauko na wani na canza sunan ango da amarya ba. Na yi kalandar biki, na yi sitikar walimar sauka, har wani maƙwabcinmu mai sayar da kayan masarufi ya ba ni aikin allon shagonsa. Cire hoton mutum daga bango ne har yanzu ke ba ni wuya, musamman gefen mayafi mai raga. Sai dai da yawanku ba wannan kuke tambayata ba. Tambayarku ita ce 'yar kwamfutar nan da nake aiki da ita, shin ta ci kuɗinta, ko gara mutum ya ƙara haƙuri ya tara na laftof.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, ba ta fi dikodar tauraron ɗan'adam girma ba. Faɗinta kusan santimita 18, kaurinta bai kai 4 ba, nauyinta kilo ɗaya da 'yan kai. Manyan kamfanoni uku ne suka fi yin irinta don ma'aikatu: Dell na da OptiPlex Micro, HP na da EliteDesk Mini, Lenovo kuma ThinkCentre Tiny. Ma'aikatun Turai da Amurka kan yi 'yan shekaru da su sai su sauya sababbi, tsofaffin kuma a loda su zuwa Legas, daga can su hauro Kano. Tawa ta hannu ce, Yayana ya zo mini da ita daga Kano. Furosesarta, wato injin da ke yi mata lissafi, i5-8500T ce; ram, ma'ajiyar wucin-gadi ta aikin da ake ciki, giga 8; da SSD, wurin ajiye fayiloli, mai giga 256.

Harafin T da ke ƙarshen lambar furosesar shi ne ya sa na yarda da ita. Intel na sa shi ne a furosesar da aka rage wa cin wuta: i5-8500 ta babbar kwamfuta wat 65 aka tsara mata, mai T kuma wat 35. An ɗan rage mata gudu, gaskiya ne, amma wanda ke jera rubutu da fure a kati ba zai ji bambancin ba. A Katsina kuwa, duk abin da ya rage cin wuta ya rage maka rabin damuwa.

Kuɗin akwatin shi kaɗai bai kai na laftof mai irin ƙarfinsa ba, da tazara sosai, kuma a nan mutane ke ruɗuwa. Akwati ne kawai da cajarsa. Babu allo, babu kibod, babu linzami, babu lasifikar kirki, babu kyamara. Da yawa daga cikinsu ma babu katin wayafai, don a ofis da wayar intanet ake jona su. Ni da igiyar caji nake haɗa ta da wayata in ba ta data. Da farko da talabijin ɗin falo na fara aiki, amma talabijin na ƙara wa kala gishiri, ja ya yi jawur, rubutu ƙanana kuma su riƙa rawa a ido. Kana ganin kati ya yi kyau a allo, ka kai wajen bugawa ya fito wani iri. Dole na nemi monita mai inci 22, irin wadda ake kira IPS, wadda ko ta gefe ka kalle ta kalar ba ta juyawa. Ku duba bayan akwatin kafin ku sayi monita, don wasu ba su da ramin HDMI, DisplayPort kawai gare su, sai an haɗa da 'yar mahaɗa. Duk waɗannan ƙananan kashe-kashe idan aka tara su, tazarar da ke tsakaninta da laftof ta ragu ƙwarai. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin kayan nan ke bin dala, don haka abin da aka gaya maka wancan watan ba lallai ka same shi yau ba. Ka yi lissafin komai rana ɗaya, a takarda ɗaya.

Babban abin da ta rasa shi ne batir. Laftof ko da batirinta ya tsufa, idan aka ɗauke wuta za ta ba ka 'yan mintoci ka ajiye aikinka. Wannan kuwa ana ɗaukewa take mutuwa, da ita da duk abin da ba ka ajiye ba. Na rage lokacin da CorelDraw ke ajiye kwafi da kansa zuwa minti 5, kuma yatsuna sun saba da Ctrl da S har ba na sanin na danna. Hakan ya rage asara amma bai kare injin ba, don yawan mutuwar farat ɗaya na iya lalata fayilolin Windows. Ƙaramar UPS mai lamba 650, na'urar da ke riƙe kwamfuta idan aka ɗauke wuta, batirin cikinta yawanci bolt 12 ne amfiya 7, wato wat-awa 84 a takarda. Ta isa ka ajiye aiki ka kashe cikin natsuwa, ba ta isa ka zauna ka gama kati ba.

Inda ta fanshi kanta shi ne kan sola. Gidanmu akwai 'yar inbata da batir ɗaya mai amfiya 100, wadda aka sa don fitilu da fanka. Idan na kunna akwatin da monita ina zane, abin da suke ja tare bai cika wuce wat 50 ba. Ku yi lissafin da kanku: bolt 12 sau 100 ya ba da wat-awa 1,200. Batirin ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa idan ana son ya yi ƙarko, saura 600. A cire abin da inbata ke ci da kanta, za a samu wajen awa 10 na aiki idan ita kaɗai ce a kai. Tsohuwar doguwar kwamfuta irin ta shagunan buga takardu, da ita da allonta, takan haura wat 100, ka ga lokacin ya rabu biyu ke nan, kuma mutanen gida ba za su yarda ka shanye musu batirin fanka a watan Afrilu ba. A wutar gari ma sai ta yi awa 20 kafin mita ta ci yunit ɗaya. Wanda gidansu ke da sola ko da ƙarama ce, a wajena ya riga ya biya rabin kuɗin wannan kwamfuta bai sani ba. Wanda ba shi da komai sai jiran a kawo, ya sa kuɗin batir cikin farashinta tun farko.

Malamina da nake zuwa shagonsa wajen Ƙofar Ƙaura in ga yadda ake fitar da aiki, da ya gan ta dariya ya yi. Ya ce, "Hajiya, wannan 'yar abar ce za ta ɗauki Corel?" Na ce, "Malam, a gwada mana." Ya sa mata fayil ɗin wata bana mai faɗi cike da hotuna, ta buɗe, amma tana jan ƙafa idan aka matsa kusa. Shi ya ce in ƙara ram. Ramukan ram biyu ne a ciki, irin na laftof, DDR4. Da na ƙara wani giga 8 ta zama 16, jan ƙafar ya tafi, don katin hotonta, ɓangaren da ke fitar da hoto a allo, ba shi da ma'ajiyar kansa, daga ram yake ara, kuma ya fi sakewa idan ramukan biyu duk a cike suke. Buɗe ta bai da wuya, murfin zamewa yake, komai na nan a fili. Wannan ma wani abu ne da ta fi laftoci da yawa na yanzu, waɗanda ake like musu ram a jikin allon ciki.

Bidiyo kuwa a yi hattara. Na gwada yanka bidiyon kamu da aka ɗauka da waya a 1080, ta yi, ba laifi. Da aka kawo mai 4K, wanda ya fi shi tsabta da nauyi, sai fanka ta tashi da ƙara, hoton na tsalle. Wanda burinsa haɗa bidiyon biki na sana'a ko manyan wasannin kwamfuta, wannan ba tasa ba ce, kuma babu wurin da zai cusa mata babban katin hoto daga baya.

Akwai maganar tsarar furosesa, wato sabuwa ce ko tsohuwa, wadda masu sayarwa ba su cika ɗagowa ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma a hukumance daga tsara ta 8 ta Intel yake farawa, tare da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Lambar farko bayan i5 ita ce tsarar: 6500T ta shida ce, 7500T ta bakwai, 8500T ta takwas. Kasuwa cike take da 'yan shida da bakwai, irin su OptiPlex 3050, EliteDesk 800 G3 da ThinkCentre M710q, kuma sun fi araha. Suna aiki lafiya, kuma wanda zai koyi Linux a madadin Windows, da manhajojin zane Inkscape da GIMP, waɗanda kyauta ne, ba ruwansa da wannan iyaka. Amma mu da shagunan bugawa suka ɗaure da CorelDraw, gara a ƙara kaɗan a ɗauki ta tsara ta takwas: OptiPlex 3060, ko EliteDesk 800 G4, ko ThinkCentre M720q. Ban da Windows ɗin ma, 8500T ƙwaƙwalwa shida gare ta, 6500T huɗu. Akwai kuma sababbi fil 'yan Sin masu furosesar N100 da ta fito a 2023, wadda wat 6 kacal aka tsara mata. Cin wutarsu abin sha'awa ne, sai dai ƙarfinsu bai wuce na 'yan tsara ta shida ba sosai, kuma hanyar ram ɗaya gare su. Ni dai na fi natsuwa da wadda mai gyara a garin nan ya saba buɗewa.

In za ku saya, kada ku karɓa a leda. A kunna a gabanku, a shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, a tabbatar ofishin da ya sayar bai bar mata kalmar sirri ba, a gwada kowane rami da filas. Ku dubi cajar da kyau: ta Dell da HP bolt 19.5 ce, ta Lenovo 20, mafi yawa wat 65. Wasu injinan suna gane cajar da ba tasu ba, sai su rage gudu da kansu, kai kuma ka ɗauka kwamfutar ce ba ta da ƙarfi. Araha ba ta ado a wajen caja.

Hunturu ya koya mini cewa fanka ɗaya tal gare ta, kuma ƙurar Katsina ba ta raina ƙaramin rami. Idan na ji ƙararta ta canza, sai in cire wuta, in zame murfi, in riƙe fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa, in hure da abin hura iska. Ba na ajiye ta a ƙasa ko kan darduma, kuma ina rufe ta da ƙyalle idan na gama, bayan ta huce. Zafin bazara da ke haura digiri 40 shi ya sa na mayar da aikina bayan sallar asuba da bayan isha'i.

Wani abu da ya shafe mu masu rubuta kati da Hausa: yawancin haruffan ado ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar "ɗaurin aure". Haruffan da ake kira Noto Sans da Andika suna da su. Kafin ku kai aiki shago, ku zaɓi rubutun duka ku danna Ctrl da Q ya koma zane, don kwamfutar mai bugawa ba lallai tana da harafinku ba, kuma ku tambaye shi wane Corel yake da shi, don tsoho ba ya buɗe fayil ɗin sabo sai an sauko da shi.

Ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko na Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina da ke yawo tsakanin aji da ɗakin kwana, ya nemi laftof, wannan za ta zame masa kaya. Ni da nake aiki a teburi ɗaya a ɗaki ɗaya, da batir a gida, ta ci kuɗinta har da na monita. Yanzu abin da na sa gaba shi ne kalar CMYK, wadda injin bugawa ke aiki da ita, don shuɗin da nake gani a allo har yanzu yana fitowa da duhu a takarda. Malam ya ce in buga 'yan murabba'ai masu lambobin kala daban-daban a injinsa, in manna takardar a bango kusa da monita in riƙa zaɓa daga ita. Wanda ya riga ya yi haka a cikinku, ya gaya mini wace takarda ya yi amfani da ita, mai sheƙi ko marar sheƙi.