A littafin ma'aji ake fara kayar da ɗan takara

Matashin da ya fara sha'awar harkar ƙwadago, taro ne ke jan hankalinsa: jar hula, waƙar haɗin kai, shugaba riƙe da lasifika yana gaya wa gwamnati gaskiya. Ba wanda ke sha'awar littafin sakataren kuɗi. Amma ƙannena, a cikin wannan littafin ake yanke wanda zai shiga zauren zaɓe da wanda zai tsaya waje yana leƙe ta taga. Kafin a jefa ƙuri'a ko ɗaya, kwamitin tantancewa ya riga ya yi tambayarsa: wannan kwamared ɗin yana biyan kuɗin ƙungiya, ko ana bin sa bashi?

Ku fara sanin yadda tsarin yake. A yawancin ƙungiyoyinmu ma'aikaci ba ya zaɓen shugabannin jiha ko na ƙasa kai tsaye. Reshe ne ke fitar da wakilai, waɗanda muke kira daliget, su kuma su je babban taro su yi zaɓe a madadin kowa. Kuɗin ƙungiya kuwa ba hannu da hannu ake karɓarsa ba. Tun bayan gyaran 1978, lokacin da aka haɗe ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi suka koma 42, aka kafa uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, a ƙarƙashin Hassan Sunmonu, hanyar da ta zauna ita ce mai biyan albashi ya cire kuɗin tun daga tushe, ya aika wa ƙungiya. Gyaran dokar da aka yi a 2005, zamanin Obasanjo, ya ce shiga ƙungiya ganin dama ne, amma cirewa daga albashi tana nan ga duk wanda yake mamba. Saboda ba ka taɓa sa hannu a aljihu ka biya ba, sai ka manta ma ana biya. Nan ni na faɗa.

Na shekara da shekaru ina ƙaramin ma'aikaci, ana cire kuɗina ba fashi. Sai aka yi mini ƙarin girma daga mataki na 6 zuwa na 7, wato na tsallaka sahun manyan ma'aikata. Alat ya shigo, na ga albashi ya ƙaru, na yi hamdala, na sayi buhun shinkafa na kai gida. Takardar albashi kuwa ko karɓarta ban yi ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne doka ta bambanta sahun biyu. Ƙaramin ma'aikaci ana ɗaukarsa mamba ne har sai ya rubuta cewa ya fita. Babban ma'aikaci kuwa sai ya nuna a rubuce cewa yana ciki kafin a taɓa albashinsa. Da mai lissafin albashi ya canza mini mataki, sai layin kuɗin ƙungiya ya ɓace daga takardata. Ni kuwa ina nan ina halartar taro, ina gaba-gaba wajen kulle ƙofa ranar yajin aiki, ina ganin ba wanda ya fi ni zama ɗan ƙungiya.

Da aka buga gangar zaɓen wakilai na sayi fom na cike. Ranar tantancewa mutum uku ne zaune bayan tebur, shugabansu wani dattijo da ya kusa ritaya. Ya buɗe jadawalin da ofishin albashi ke aiko wa ƙungiya kowane wata, ya ɗora rula a kan layin sunana, ya riƙa janta a hankali. Watannin baya duk da lambobi. Daga watan da aka ƙara mini girma zuwa ranar, fili ne fetal. Ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗana, kai ai ba ka cikinmu."

Na ce, "Baba, wace irin magana ce wannan? Ba ni na kwana a bakin get lokacin yajin aiki ba?"

Ya ce, "Na gan ka da idona, Allah ya yi albarka. Amma kundin tsarinmu bai ce wanda ya kwana a get ba. Cewa ya yi wanda ba a bin sa bashi."

Na yi ta faɗa, na ce makirci ne. Ba makirci ba ne. Dattijon nan bai zalunce ni da ƙwayar zarra ba, abin da ke rubuce ya karanta mini. Don haka abu na farko da zan roƙe ku: ku riƙa karɓar takardar albashi kowane wata, ku nemi layin kuɗin ƙungiya, ku adana ta ko da hoto ne a waya. Ku fi sa ido bayan ƙarin girma, da canjin wurin aiki, da hutun ƙaro karatu ba albashi, da dakatarwa, da duk lokacin da gwamnati ta yi aikin tantance ma'aikata ko ta sauya tsarin biyan albashi. A irin waɗannan gaɓoɓin ne suna ke zamewa ba tare da kowa ya yi niyyar mugunta ba.

Wauta ta biyu ta fi ta farko muni, domin da idona biyu na yi ta. Da yamma wani yaron ɗaya daga cikin masu neman kujerar jiha ya same ni, ya ce maigidansa ya ji abin da ya faru, kada in damu, za a biya mini ariyas, wato bashin kuɗin ƙungiyar da ya taru a kaina, gaba ɗaya. Na amince. Suka zuba kuɗin a asusun ƙungiya a dunƙule, tare da na wasu irina, takardar banki ɗaya, sunan mutum ɗaya, kuma ba nawa ba. Da na koma gaban kwamiti sai aka nuna mini abu biyu. Na ɗaya, ba rasit da sunana. Na biyu, kundinmu biya a jere yake nema, wata bayan wata, har zuwa ranar da aka rufe rajista, kuma ranar ta wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na rasa kujerar daliget, sannan na wayi gari wani yana ganin ya saye ni. Shekaru bayan haka, duk inda aka zo jefa ƙuri'a sai yaron nan ya matso kusa da ni yana murmushi, "Kwamared, ba ka manta da mu ba dai ko?"

Idan da gaske ana bin ku bashi, ku biya da kuɗinku, ta banki, da sunanku da lambar fayil ɗinku, ku karɓi rasit mai hatimi daga sakataren kuɗi, kuma ku yi haka tun ba a fara maganar zaɓe ba. Sannan ku karanta kundin ƙungiyarku da kanku, domin ba duka suke ɗaya ba. Wata tana karɓar biyan bashi a dunƙule, wata ba ta karɓa. Wata adadin watanni take ƙirgawa, wata shekaru take nema ga mai takarar babbar kujera. Kada ku dogara da "ai haka aka saba".

Yanzu ga inda rigimar gaske take. Mutanen da ake cewa "ba su biya ba" ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya rubuta ya fita, ko yake wurin da ake biya da hannu ya ƙi biya. Wannan ba shi da bakin magana. Akwai irina, wanda sunansa ya zame bai lura ba. Sai na uku, wanda shi ne ake zalunta: an cire kuɗin daga albashinsa, ga shi ɓaro-ɓaro a takardarsa, amma mai biyan albashin bai aika wa ƙungiya ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a Najeriya. Ƙungiyoyi sun sha kokawa kan gwamnatocin jihohi da ke cire kuɗi su riƙe, ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ma ta yi ta ƙorafin an riƙe mata kuɗin mambobinta bayan rikicinta da gwamnatin tarayya kan tsarin biyan albashi na IPPIS. To ma'aikacin da aka cire wa kuɗi ba a kai ba, ya biya ko bai biya ba? A wurin ma'aji bai biya ba, don asusu bai ga komai ba. A wurina ya biya, domin kuɗin ya bar hannunsa, kuma ƙungiya ce ke da alhakin bin mai riƙe da shi. Hana shi zaɓe daidai yake da miƙa wa mai biyan albashi wuƙa da nama: duk reshen da ya dame shi sai ya jinkirta kuɗinsa wata uku kafin taro, ya zauna yana kallo 'yan ƙungiya su kori junansu. Amma ra'ayina ba doka ba ne. Idan kundinku bai fayyace wannan ba, ku kai ƙudurin gyara a taron da ba na zaɓe ba, lokacin da ba wanda ya san wa gyaran zai amfana.

Kada ku ɗauka ƙananan rassa kaɗai abin ya shafa. A babban taron NLC ma, yawan wakilan da kowace ƙungiya ke samu ya danganta ne ga kuɗin da take zubawa uwar ƙungiya, shi ya sa lissafin wa ya biya nawa yake zama rabin yaƙin neman zaɓe. Ku tuna 2015. Taron watan Fabrairu a Abuja ya watse ana tsakiyar jefa ƙuri'a saboda taƙaddama kan takardun zaɓe. Aka sake zama a watan Maris a dandalin Eagle Square, aka bayyana Ayuba Wabba na ƙungiyar ma'aikatan lafiya a matsayin wanda ya ci. Joe Ajaero na ma'aikatan lantarki da magoya bayansa suka ƙi yarda, suka yi nasu taron a Legas, daga baya a 2016 suka kafa tasu uwar ƙungiyar mai suna ULC. Sai a 2020 aka ɗinke ɓarakar, a 2023 kuma Ajaero ya gaji Wabba. Shekara biyar ma'aikatan ƙasar nan suna da baki biyu a gaban gwamnati, duk don an shiga zaure ba a yarda da juna kan yadda za a ƙirga ba.

Abin da ya fi yi mini nauyi in faɗa shi ne na uku. Bayan na gyara takarduna, shekaru suka ja, na zama sakataren reshe. Zaɓen wakilai ya zo, wata baiwar Allah daga wani sashe namu na waje ta fito, kuma kowa ya san in ta tsaya sai ta kayar da mutuminmu. Na san sashensu ana cire musu kuɗi, na kuma san akantansu ya yi watanni bai turo ba. Da na ga dama wasiƙa ɗaya zan rubuta a warware matsalar. Na yi shiru. Na riƙe jerin sunayen waɗanda suka cancanta a aljihun tebur, ban liƙa shi ba sai ana gobe tantancewa. Ta zo da takardun albashinta a cikin leda, ta shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya a gaban kwamiti, ta juyo ta ce mini, "Malam Sakatare, kai ma ka san an cire." Na ce, "Hajiya, mu abin da ya shigo asusu muke gani." Kalmomin da na faɗa gaskiya ne, amma na san abin da nake yi da su.

Mutuminmu ya tafi taro. Sashenta gaba ɗaya suka daina zuwa mitin. Wasu da ke sahun manya suka rubuta a daina cire musu kuɗi, kuma doka ta ba su wannan damar. Da aka kira yajin aiki na gaba, mu muna bakin get, su suna ciki suna aiki, shugabannin ma'aikatar kuwa har dariya suke mana. Da kuɗin reshe ya ragu, kujerun wakilanmu a taron jiha ma suka ragu. Na ci zaɓe ɗaya, na rage wa reshen ƙarfin da har na bar kujerar bai dawo ba. Idan wata rana littafin ya zo hannunku, za ku ga yadda yake da sauƙi a kayar da mutum da shi ba tare da an yi ƙarya ko ɗaya ba. Ku san cewa wanda aka yi wa ya gane, abokan aikinsa ma sun gane.

In kuma ku aka yi wa, kada ku tsaya cacar baki a bakin zaure kamar yadda na yi. Ku rubuta ƙorafi nan take, ku haɗa da kwafin takardun albashi, ku miƙa wa kwamitin ɗaukaka ƙara ko majalisar zartarwa, ku sa a buga muku hatimin karɓa a kan naku kwafin. Wa'adin ƙorafi gajere ne, wani lokaci 'yan kwanaki kawai. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin irin wannan shari'a, sashe na 254C na kundin tsarin mulki ya ba ta ikon sauraron rikicin ƙungiyoyin ƙwadago har da fassara kundinsu, amma lauyan ɗaya ɓangaren zai fara tambaya ko kun bi matakan cikin gida kafin ku zo. Ga kuma jinkiri: kujerar shekara huɗu ce a mafi yawan wurare, shari'a kuwa tana iya cinye rabinta ko fiye kafin a yanke hukunci.

Mafi arha shi ne ku hana rigimar tashi. Da zarar an sa ranar zaɓe, ku tashi a mitin ku nemi abu uku a rubuta su a cikin bayanin taro: ranar da za a rufe lissafin biya, hujjar da kwamiti zai karɓa, takardar albashi ce ko sai shaidar banki, da ranar da za a liƙa sunayen waɗanda suka cancanta a allon sanarwa, da tazarar da za ta isa mutum ya je ofishin albashi ya dawo. Wanda ke cikin kwamitin tantancewa kada ya zama ɗan takara ko yaron ɗan takara. Idan sakatare ya ce muku jerin sunayen sirrin ofis ne, ku miƙa masa kundin ƙungiya, ku ce ya nuna muku sashen da ya faɗi haka.