Gidan talaka: ginin ba shi ne wahala ba, riƙe araharsa ne

Ƙungiyar da ba ta neman riba ta shiga unguwar da ta lalace. Ta rushe kangwaye, ta yashe kwata, ta ja ruwa da wuta, ta gina gidaje masu araha. Bayan 'yan shekaru unguwa ta yi kyau, dillalai sun fara zarya, kuɗin fili ya tashi, haya ta bi bayansa. Wanda aka yi aikin dominsa shi ne na farko da zai ɗaure kayansa. Wannan ita ce matsalar da ta fi cin irin waɗannan ayyuka, kuma tun ranar farko ake maganinta, kafin a haƙa tushe.

Abu na farko: a sayi fili tun ba wanda yake so. Ƙungiyar da ta gyara titi kafin ta mallaki filayen da ke gefensa, da hannunta ta ƙara wa kanta farashi. Kafin a biya ko kwabo, a bi takardun fili har tushe: magada nawa ne, akwai bashin haraji a kai, an taɓa jinginar da shi? Magaji ɗaya da ba a nemi sa hannunsa ba ya isa ya tsayar da gini a kotu alhali siminti na daskarewa a buhu.

Na biyu, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan aikin duka: a raba fili da gini. Ƙungiya ta riƙe fili amana har abada, iyali su sayi ginin da ke kai kawai, a ba su hayar filin na shekara 99 mai sabuntuwa, wadda 'ya'ya ke gada. An fara wannan tsari a Amurka a 1969, lokacin da masu fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, ciki har da Charles Sherrod, suka kafa New Communities a jihar Jojiya. A 1984 birnin Burlington na jihar Vermont ya ɗauke shi, zamanin da Bernie Sanders yake magajin gari, kuma ƙungiyar da aka kafa a can a lokacin ce yau ake kira Champlain Housing Trust.

Ga yadda lissafinsu yake. In mai gida zai sayar, kashi 25 cikin 100 na ƙarin darajar da gidan ya yi ne rabonsa, sauran ya zauna a jikin gidan don mai saye na gaba ya same shi da sauƙi. A ce an ƙiyasta gida dala 200,000 ranar saye, ranar sayarwa ya kai 280,000. Ƙarin 80,000 ne. Mai sayarwa ya karɓi farashin da ya saya da 20,000 a kai, 60,000 kuwa ba a ɗora wa mai zuwa ba. Wasu na cewa an tauye wa talaka riba. Gaskiya ne ya samu ƙasa da na kasuwa, amma da farashin kasuwa ai da bai shiga gidan ba tun farko. Abin da ya wajaba shi ne a zaunar da mai saye a yi masa wannan lissafi da alƙalami kafin ya sa hannu. Rigimar da ke tashi ranar sayarwa yawanci daga bayanin da aka yi a gurguje ranar saye take.

Kwamitin amintattu kashi uku ake yinsa: masu zama a gidajen, sauran mutanen unguwa, sai wakilan jama'a da masana. Ta haka ba ɓangaren da zai sayar da fili shi kaɗai.

Sai awon araha. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne kada kuɗin muhalli ya wuce kashi 30 cikin 100 na abin da iyali ke samu. A nan ake yawan kuskure, domin ana lissafa biyan bashin gida a manta da wuta, ruwa, inshora, haraji da hayar fili. Gida mai siririn bango da tagogi masu zubar da iska yana da arha ranar buɗewa, amma kowane wata sai ya karɓi bambancin daga aljihun mai shi.

Tallafi mai wa'adi ma abin lura ne. Tsarin rangwamen haraji da Amurka ta kafa a 1986 don gina gidajen haya masu araha ya ɗaure mai gini na shekara 15, daga baya aka mai da shi 30. Wa'adi na cika, hayar na iya komawa ta kasuwa. Ƙungiya mai hangen nesa tana rubuta a yarjejeniya cewa ita za a fara yi wa tayin ginin.

Akwai kuma asusun gyara, wanda ba mai ɗaukar hotonsa ranar yanke kirtani. Rufi, famfo da wayoyin wuta kowanne da shekarunsa. A rubuta yaushe kowanne zai buƙaci canji da nawa zai ci, a raba kuɗin bisa watanni, a riƙa cirewa daga watan farko a zuba a asusun da ba a taɓawa don albashi. A kuma shirya da banki cewa in mai gida ya makara da biya, a sanar da ƙungiya nan take, tun bashin na wata ɗaya ko biyu, don ta zauna da shi a sake tsara biyan kafin magana ta kai ga gwanjo.