Rediyon Baba

31 ga Disamba

Yau da hantsi Baba ya sa na jawo masa tsohuwar rediyonsa daga ƙarƙashin gado, wai in duba ko za ta tashi. Batir ya narke a cikinta, murfin baya kuma da zare aka ɗaure shi. Ina cikin gogewa ya ce, "Bi ta a hankali, a cikinta na ji an kifar da Shagari."

Sai na ajiye tsumman na gyara zama.

Ya ce ranar Asabar ce, ƙarshen 1983. Ya dawo daga masallaci ya murɗa ta, sai kiɗan soja. Can sai ga muryar Birgediya Sani Abacha, yana cewa asibitoci ba magani, ma'aikata ba albashi. Baba malamin firamare ne a lokacin, wata da watanni bai ga ko kwabo ba, don haka ji ya yi kamar da shi ake. Farashin mai ya faɗi a duniya, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu tun 1982, shinkafa da madara da sabulu kuwa sai mai uwa a gindin murhu. Alhali a watan Agusta aka sake zaɓen Shagarin.

Na ce, "Baba, kun yi murna ke nan?"

"Har rawa aka yi a bakin tasha. Ni ma na tafa."

Umma na tsintar shinkafa a tsakar gida, ashe kunnenta na wurinmu. Ta ce, "Malam, ba ku ba shi labarin layi ba." Ita ce ta sha shi. Bayan hawan Buhari da Idiagbon kayan ba su wadata ba, layin dai ya miƙe sambal, ga soja da bulala a gefe. Ta taɓa tsayawa tun safe har azahar, da goyon Yaya, ta dawo da gwangwanin madara biyu. Da aka canza kuɗi a Afrilun 1984, wani layin ne a banki. Ni labarinta ya fi zauna mini, don da tana faɗa ba ta yi dariya ba.

Baba ya ce da Babangida ya ture su a Agustan 1985, mutanen bakin tashar nan sun sake tafi. Na tambaye shi ko har da shi, ya yi kamar bai ji ba.

Rediyon dai ba ta tashi ba. Ya ce in mayar da ita inda na ɗauko.