Ranar da Na Fara Sa Almakashi a Turmin Atamfa

Ba neman kuɗi ne ya kai ni ga koyon ɗinki ba, duk da cewa sana'a ce da ke riƙe da gidaje masu yawa a Kano. Shekara biyu a jere ina kai wa tela atamfar sallah tare da fasalin rigar da na zana da hannuna a takarda, amma sai ya dawo mini da irin wadda ya saba ɗinka wa kowa, kuma a daren sallah, lokacin da babu sauran halin gyara. Ban ga laifinsa sosai ba, domin wanda kaya suka yi masa tsibi a cikin azumi ba shi da sukunin nazarin zanen yarinya guda. Wannan ne ya sa na roƙi Gwaggo ta koya mini a tsohon kekenta na ƙafa, ƙirar Butterfly, wanda ya girme ni.

Taka keke bai ɗauke ni fiye da mako biyu ba. Wuyar aikin tana wajen awo da yanka, kuma a ganina nan ne ake gane wanda ya iya tsara tufafi da wanda ya iya haɗa ƙyalle kawai. Turmin atamfa yadi 6 ne, kowane yadi inci 36, kuma a cikinsa ake son riga da siket da ɗankwali su fita. Gwaggo ba ta bar ni na taɓa atamfa ba sai da na yi wata uku ina fitar da fasali a takardar buhun siminti, ina gwadawa a yadi mai araha da muka sayo a Kantin Kwari. Ta nuna mini yadda ake raba awon ƙirji gida huɗu, a ƙara inci guda saboda ɗinki, sannan ta daɗe tana horar da ni a kan lanƙwasar hammata, wadda idan ta matse za ta ci fata, idan kuma ta yi zurfi duk rigar za ta ɗage da zarar mace ta ɗaga hannu.

Ranar da za a yanka atamfar, na shimfiɗa ta a tabarma, na zana da alli, amma hannuna yana rawa. Gwaggo ta ce, "'Yar nan, ɗinki ana farke shi, yanka kuwa ba ya komawa. Ki sake aunawa, sannan ki yi bismillah." Na auna har sau uku, duk da haka ban lura da inda furannin suka fuskanta ba, sai da na haɗa hannun hagu na ga sun kife ƙasa, na dama kuma suna kallon sama. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Dole na yanko wani hannun daga rabon ɗankwali, shi ya sa ɗankwalin ya yi gajarta, ɗauri ɗaya kawai yake karɓa.

Rigar na saka zuwa sunan ɗiyar yayata, wuyanta daidai da yadda na zana shi tun shekara biyu da suka wuce. Yanzu doguwar riga mai shafi nake ɗinkawa, kuma Gwaggo ta sa na farke zif ɗin bayanta sau biyu saboda bai kwanta ba. Gobe da hantsi zan sake dasa shi.