Fim ɗin da aka ɗauka a ɓoye

Jiya da daddare ƙanena ya shigo gida da sabon fim ɗin Hausa a wayarsa, wanda aka tura masa a wani shago a nan Katsina. Ba mu yi minti biyar muna kallo ba na gane cewa a sinima aka ɗauke shi a ɓoye, domin hoton a karkace yake, kawunan 'yan kallo suna ta gittawa, har tarin wani mutum ya fi maganar jaruman fitowa.

Raina ya ɓaci ƙwarai, saboda mai shirya fim dukiyarsa ya zuba, kuma da kuɗin tikiti yake sa ran mayar da uwar kuɗinsa. A Amurka, tun 2005 dokar tarayya ta tanadi ɗaurin da ka iya kai shekara 3 ga wanda ya ɗauki fim a ɓoye a sinima a karon farko, shekara 6 idan ya maimaita. Mu ma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta haramta kwafa da sayar da aikin wani ba da izininsa ba.

Na sa ƙanen nawa ya goge shi a gabana, ko da yake ya yi ta ƙorafin cewa ya biya kuɗin turin.