Abin da aikin harhaɗa magani ya koya mana game da haɗin gida

Duk wanda ya daɗe a ɗakin harhaɗa magani ya san awo ne ke raba magani da guba, kuma awon nan shi ne babu a gida. Cokalin shayi a littafi mililita 5 ne, amma cokulan da ke kwandon uwargida wani bai kai 3 ba, wani ya kusa 7.

Haɗin gida ɗaya ne muke koyarwa da bakinmu, wato ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa, idan ba a samu na leda ba. Lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, sukari cokalin shayi 6, gishiri rabin cokali, duk a shafe, ba a tule ba. Idan gishiri ya yi yawa, yana zuƙe ruwa daga ƙwaƙwalwa, yaro ya kama jijjiga. Idan sukari ne ya wuce, sai ya jawo ruwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri, kuma bayan awa 24 a zubar a haɗa sabo.

Daka ƙwayar manya a ba yaro kuwa, nan ake yawan yin ɓarna. Farasitamol miligiram 15 ne ga kowane kilo na nauyin yaro a sha ɗaya, yaro mai kilo 10 rabonsa 150 ke nan. Rabin ƙwayar 500 kuwa 250 ce. A yi ta ɗura masa haka kwana da kwanaki, hanta ke ɗaukar nauyin, alamar kuma ba ta bayyana da wuri. Ƙwayar da aka rubuta SR a jikinta ba a daka ta sam, domin an yi ta ne ta riƙa narkewa a hankali.

Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran yara na My Pikin ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya, saboda sinadarin diethylene glycol da ya shiga cikinsa ya lalata musu ƙoda. Ruwa ne garau, mai ɗan zaƙi, ido da harshe ba sa gane shi, sai gwaji. Masana'anta ke nan fa, balle mai sayo sinadari a jarka daga kasuwa.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne mai tsimi da ke daka dexamethasone ko diclofenac, ƙwayoyin asibiti masu rage kumburi da ciwo, ya zuba a ciki, ya ce saiwa ce zalla. Wannan cin amana ne. Mai ciwon gwiwa ya ji sauƙi ya dawo da kuɗinsa, ana haka fuska ta kumbura, sukari ya hau, gyambon ciki ya fara zubar da jini. Ya daina sha farat ɗaya, jiki ya rushe. Ya je asibiti, likita ya tambaye shi me yake sha, shi kuma da gaskiyarsa ya ce, “Na gargajiya ne kawai, likita.”